Na Saka Muryar Baffa a Cikin Gem Ɗin Dara, Kuma Ya Rasu Ban Nuna Masa Ba

Wani ɗan'uwa ne ya turo, ya roƙi a sakaya sunansa. Adimin.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, manya da ƙanana. Adimin don girman Allah a ɓoye sunana, ko da yake na san duk ɗan unguwarmu kafin ya kai rabin rubutun nan zai gane ni, to in ka gane ni ka rufa mini asiri, ka ajiye shawararka ka wuce. Don Allah shawara nake nema, kuma da gaggawa, yau Alhamis, ran Litinin ake jiran amsata, kwana biyar ke nan ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Ku yi haƙuri zan ja zancen, in ban faro daga tushe ba ba za ku gane inda matsalar take ba.

Shekarata ashirin da biyar, ɗan Gwallaga ne a nan cikin garin Bauchi, kwamfuta na karanta, na gama bautar ƙasa bara. Tun ina makaranta ba ni da buri sai na haɗa gem, irin wanda ake bugawa a waya. Na san wasu za su yi dariya, ku yi abinku, a gidanmu ma an sha yi mini, wai ƙato da gemu zai zauna yana haɗa wasan yara. To a wannan sana'ar ba wanda ya damu da takardar makarantarka, abin da ake tambaya shi ne fotfoliyo, wato shafi guda da za ka jera ayyukan da ka yi da hannunka, mutum ya danna ya buga ya ga iyawarka da idonsa. Nawa gem biyu ne a ciki, ɗaya wani ɗan mutum ne yana gudu yana tsallake duwatsu, wanda gaskiya bin wani bidiyon koyarwa na yi tiryan-tiryan, ɗayan kuma keke ne yana kauce wa ramukan titi. Na tura wa kamfanoni har na daina ƙirgawa, ko "mun gani" ba wanda ya ce mini. Sai wata rana a wani guruf na masu wannan harkar wani ya buɗe shafina ya faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana, ya ce irin waɗannan kowane ɗan koyo yana da su, in ina so a kalle ni sai in yi abin da in ba ni ba babu mai iya yin sa. Na ji haushinsa kwana biyu, a na uku na yarda gaskiya ya faɗa.

Abin da nake nema ashe yana bayan shagon mahaifina. Baffa muke ce masa, tela ne, shagonsa na bakin titi, a bayan shagon kuma akwai wata dalbejiya da dattawa ke zama daga an sallame la'asar har a kira magariba, suna dara. Gurbi talatin a ƙasa, wannan da tsinke sha biyu wancan da duwatsu sha biyu, a dasa, a fara turawa, duk wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokinsa. Baffa gwani ne, wannan ba don mahaifina ba ne, kowa a wajen ya sallama masa. Babban abokin karawarsa wani dattijo ne mai sayar da huluna, zan kira shi Baba Goni, ba sunansa ba ne. Shi Babarbare ne, mu kuma Fulani ne, kun dai san wasan da ke tsakani, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, a zagi juna tas a tashi a yi sahu ɗaya a masallaci. Sun fi shekara talatin a haka, ko sau ɗaya ba a taɓa jin kansu da gaske ba.

Wata biyu na yi ina zuwa majalisar nan da littafi da biro, har dattawan suka sa mini suna ɗan jarida. Ina rubuta yadda Baffa yake dasa tsinkensa, inda yake fara kamawa, yadda yake barin ka ka ci ɗaya don ya ci uku, in dawo gida in zauna in mayar da su kod, wato rubutun umarnin da kwamfuta ke bi, har sai da na samu kwamfutar tana buga dara da salonsa. Wallahi ranar da ta fara cinye ni da irin tarkon da yake ɗana wa Baba Goni sai da na miƙe tsaye. Amma da na zauna na buga sosai sai na ji abin lami, shiru kake ji sai ƙarar tsinke, alhali dara rabinta baki ne, duk wanda ya taɓa tsayawa a majalisa ya san wannan. A nan ne tunanin ya zo mini, in ɗauki muryoyinsu.

Ga inda nake so ku lura da kyau, don a nan laifina yake in akwai shi. Na tambayi Baffa, ba zan ce ban tambaya ba. Amma yana tsakiyar wasa ne na ce masa Baffa zan ɗauki sauti don aikin kwamfuta, ko ɗagowa bai yi ba, hannu kawai ya yarfa mini, ya ce ɗauki abinka ka matsa kana tare mini haske. Iyakar izinin da na samu ke nan. Kuma tsakanina da Allah na san bai gane abin da nake nufi ba, mutumin da wayarsa mai madannai ce, shi a wajensa aikin kwamfuta wani abu ne da ake kai wa malamin makaranta ya sa maki a jefa a kwaba. Na ajiye waya a kan benci kusa da shi, sati biyu ina ɗauka.

Da na zo yankawa sai na ga muryar Baffa ce ta fi fita, don shi ne kusa da wayar, kuma shi ne mai bakin. In ya ci sai ka ji "Taso bawan gidanmu, kawo wuyan nan!" In ka daɗe kana tunani ya ce "Kai Babarbare, barci kake yi ko sai an kawo maka tabarma?" In an ci shi kuma ya ce sa'a ce kawai wadda ta fi manyan kaya. Waɗannan masu sauƙin ne. Akwai ƙaniyarka, akwai ja'iri, akwai ɗan banza, akwai kuma ashar na gaske irin wanda ake haɗawa da uwa da uba, ba zan rubuta shi a nan ba, kuma kowanne da wata dariya tasa a ƙarshe mai kama da tari, wadda in ka ji ta dole kai ma ka dara. Na zuba su duka a gem ɗin, na tsara kowace magana da lokacin da za ta fito. Jama'a, abu ya tashi. Kana bugawa ka rantse a gindin dalbejiyar nan kake. Na tura wa abokaina uku su gwada mini su faɗa mini inda yake maƙalewa, na ja musu kunne kada su tura wa kowa, suka ce haba, kamar ba ka san mu ba.

Niyyata in na gama gyara komai in kai wa Baffa in ce ga shi, buga da kanka mu ga wa zai ci. Haka nake faɗa wa kaina, wai mamaki zan ba shi. Amma tunda sunana a ɓoye yake bari in faɗi ɗaya gaskiyar, tsoro nake ji, na san in ya ji bakinsa yana fita daga waya zai iya cewa in cire, ni kuma ba na so in cire. Sai na yi ta cewa gobe, sai na gyara kaza, sai bayan Juma'a. Ana haka zazzaɓi ya kama shi ran wata Talata, muka kai shi asibiti ran Laraba, ran Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau wata uku ke nan ba kwana kaɗan. Bai taɓa ganin gem ɗin ba, bai ma san akwai shi ba.

Har aka yi arba'in ban buɗe laftof ba. Da na dawo hayyacina na duba gidan, shago a rufe, ga mahaifiyarmu Dada tana takaba, ga ƙannena mata biyu suna makaranta, ni ne namijin da ke cikin gidan kuma ba ni da aikin fari bare na baƙi. Sai na saka darar a fotfoliyo na ci gaba da turawa. Sati biyu da suka wuce wani mutum ya kira ni daga wani ƙaramin kamfanin haɗa gem a Legas. Ɗan kudu ne, Kirista, amma yana buɗe baki sai na ji Hausa, ashe a nan Bauchi ya tashi, mahaifinsa ya yi shagon kayan gini a wajen Wunti shekara da shekaru. Ya ce tun safe yake buga darar nan tsohon nan yana zaginsa, ya yi dariya har abokan aikinsa suka taru a kansa yana fassara musu. Ya ce kod ɗina ba laifi, akwai gyara amma za a iya koya mini, sai dai abin da ya sa ya kira ni muryar ce, da irin Hausarsu ya ce "wannan murya shi ne gem ɗin". Suna ɗaukar mutum biyu su koya musu aiki wata shida da albashi, daga gida zan riƙa yi, in an ga hannuna a riƙe ni. Ran Litinin zai gabatar da waɗanda ya zaɓa ga sauran masu kamfanin, yana so in bar gem ɗin a buɗe a shafina, in haɗa ɗan gajeren bidiyo da za su saka a nasu shafin. Da na ce masa muryar mahaifina ce kuma ya rasu, ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, ya ce to ai ka ga ka ajiye shi a inda ba zai ɓace ba. Ranar na yi kuka, amma na daɗi ne.

Abin da ban sani ba, abokan nan nawa tun tuni sun saki gem ɗin. Wannan ya tura wa ƙaninsa, ƙanin ya tura wa abokinsa, daga waya zuwa waya ba ko data, har ya faɗa hannun masu keke mai ƙafa uku, su kuwa kun san in suna jiran fasinja ba abin da suke so irin wannan. Ni ina ɗaki ban san wainar da ake toyawa ba.

Ran Asabar da ta wuce babban wanmu ya taso daga gidansa a Ɗan Iya zai zo gaida Dada. Shi malamin Islamiyya ne, Yaya Malam muke ce masa, mutum ne mai tsare gida, ko a yarinta ban taɓa ganinsa a gindin dalbejiyar nan ba. Ya shiga keke, wani saurayi na gefensa yana danna waya, kawai sai ya ji muryar mahaifinsa da ya binne da hannunsa tana ɗura ashar, 'yan cikin keken suna ƙyaƙyatawa, direban har yana maimaitawa. Ya ce da farko ya zaci kansa ne ya taɓu. Ya tambayi saurayin, shi kuma bai san ɗan mai muryar ne yake tambayarsa ba, ya ce ai gem ɗin tsohon telan nan ne na Gwallaga mai baki, ɗansa ne ya haɗa. Yaya Malam bai ƙarasa a keken ba, sauka ya yi ya tako da ƙafa.

A zaure ya tare ni don kada Dada ta ji, kuma tunda nake da shi bai taɓa yi mini irin wankin da ya yi mini ranar ba. Ya ce na tone wa mahaifinmu asiri bayan ƙasa ta rufe masa ido. Ya ce mutumin da jama'a suka cika titi a jana'izarsa suna shaidarsa da alheri, wanda bai taɓa cin yadin kowa ba, yau ba a san shi da komai ba sai tsoho mai ashar. Ya ce wasan da ke tsakaninsa da Baba Goni nasu ne su biyu, a inuwarsu, a cikin sa'o'insu, wanda ya ji a can ya san wasa ne, amma ni na ɗauko shi na watsa a titi inda yaro ɗan shekara goma zai haddace ya je ya faɗa wa uwarsa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ya ce 'ya'yan kirki rijiya suke haƙa wa iyayensu lada ya riƙa bin su kabari, ni kuma na haɗa wa nawa injin da duk danna ɗaya sai ya sake zagi, ya tambaye ni wa nake tsammani ake rubuta wa. Na yi ƙoƙarin kare kaina, na ce ai na tambayi Baffa, ya ce in dube shi in maimaita, na kasa. Na ce masa ga aikin da ke gabana, kuma shi ma ya san halin da gidan yake ciki, albashinsa na Islamiyya ko gidansa ba ya riƙewa. Na san bai kamata in faɗi wannan ba, ta fita ne kawai. Sai ya ce gara mu sha gari da ruwa da mu ci abinci da mutuncin mamaci. Ya ce in goge muryar daga gem, daga laftof, daga ko'ina, in ban yi ba kada in ƙara kiransa yaya, ya saka takalminsa ya tafi ko ciki bai shiga ba.

Daga baya na tura masa saƙo na ce masa wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane fa ba ni da yadda zan yi in dawo da shi, ko na goge nawa nasu na nan. Ta waya ya ba ni amsa washegari, ya ce wanda ya zube ya zube, Allah ya ga ba da saninka ba ne, amma wanda za ka ɗauka da hannunka ka kai Legas duniya ta ji, wannan da gangan ne.

Ban zauna ba wallahi, na nemi mafita. Na je wajen wani malami da nake yarda da shi a wata unguwa, ban faɗa masa ni ne ba, na ce wani abokina ne. Ya ce shi a fahimtarsa mamacin ba shi da laifin abin da bai sani ba bai kuma yi umarni da shi ba, sai dai abokin naka ya ji tsoron Allah, don nauyin ya dawo kansa, kuma mutuncin uba ba ya ƙarewa da mutuwarsa. Na fito ban san ko sauƙi na samu ko ƙarin kaya ba. Na dawo na zauna na tace muryoyin, na cire duk mai zagi, na cire duk inda aka ambaci bawa ko Babarbare, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, "taso", "ci gaba", "to madalla", kuma dariyar ba ta ciruwa ita kaɗai don a manne take da ashar ɗin, in na yanke sai ta fito guntu-guntu. Na gwada ɗaukar tawa muryar ina kwaikwayonsa, da na saurara ni kaina kunya ta kama ni, kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Duk da haka na tura wa mutumin Legas tatacciyar, na yi masa bayani. Ya fahimce ni, bai matsa mini ba, amma bai ɓoye mini ba, ya ce wannan dara ce kawai, akwai irinta, kuma masu neman gurbin nan da yawa sun fi ni ƙwarewa a kod, shi da waccan ce zai iya tsayawa ya yi mini faɗa a gaban abokan aikinsa. Ya ce shawara tawa ce, in sanar da shi kafin Litinin.

Shekaranjiya na hau keke na tafi Inkil, can Baba Goni ya koma wajen ɗansa tun bayan rasuwar, an ce ya daina zuwa majalisa gaba ɗaya. Na je ne in ba shi haƙuri, don shi ake zagi a ciki, kuma shi ko tambayar ban yi masa ba. Na same shi a ƙofar gida ya rame. Na yi masa bayani ina sunkuyar da kai, ya ce in kunna ya ji. Na dasa masa, ya tura dutse da yatsa, kwamfutar ta ci shi, sai muryar ta ce "Taso bawan gidanmu!" Jama'a, tsohon nan ya ɗago da sauri ya mayar wa wayar da zagi, irin wanda ya saba mayarwa, sannan ya tuna, ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa. Da ya natsu ya ce ko a kabari Bafillatanin nan bai bar shi ya huta ba. Na faɗa masa abin da Yaya Malam ya ce, ya ce yayanka malami ne ba zan ja da shi ba, amma ni aka zaga kuma na yafe tun kafin a haife ku, wannan ba zagi ba ne, zumunci ne. Ya sa ɗansa ya karɓi gem ɗin a wayarsa kafin in tafi. Na dawo da murna-murna na kira Yaya Malam na faɗa masa, ya ce Baba Goni ya yafe nasa haƙƙin, shi Baffa wa ya tambayo shi.

Duk wannan abin da ake yi ina zaton Dada ba ta sani ba, mun haɗa baki da ƙannena a kan kada ta ji. Jiya da safe na sayo mata masa na kai mata ɗaki, ina shirin fita ta ce in zauna. Ta ce masu keke a bayan katangar ɗakinta suke fakawa, sati uku ke nan tana jin mahaifinmu ta taga. Daga baya ƙanwata ta gaya mata ko mene ne. Na fara ba ta haƙuri ta ɗaga mini hannu, ta ce in kunna mata a nan kusa, ta katanga ba ta ji sosai. Na lalubo tatacciyar zan kunna, ta ce ba wannan ba, mai dariyar. Haka na zauna gaban mahaifiyata, tana cikin takaba da carbi a hannu, na kunna mata mijinta yana ashar, ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce shekara talatin da huɗu tana gidan nan, ba ta taɓa jin ya yi dariya haka ba, a gida daga "sannunku" sai "a kawo ruwa" sai "Allah ya yi albarka", irin kunyar nan tamu ta Fulani, ita ma ba ta taɓa zama ta yi hira da shi a gabanmu ba. Ta ce ashe haka yake.

Na ce Dada to me zan yi, duk abin da kika ce shi zan bi. Na so ƙwarai ta yanke mini in huta. Ta ce yayanka ya fi mu sanin littafi, in abin nan zai taɓa shi a inda yake ba ta so, ko da za mu kwana da yunwa. Har na yunƙura zan tashi, sai ta ce amma ita in an yi la'asar takan matso da dardumarta kusa da taga, ko masu keken za su zo.

To jama'a ga inda nake. In na bar muryar na tura ran Litinin, wataƙila in samu aikin da na shekara ina nema, in riƙe gidanmu, amma na rasa yayana, kuma duk wanda zai san Baffa daga yau da bakin majalisa zai san shi, abin da shi da kansa bai taɓa shigowa da shi ko zauren gidansa ba. In na cire, aikin ya tafi, na koma kan ɗan mutum mai tsallake duwatsu, kuma Yaya Malam ba cirewa kawai yake so ba, gogewa yake so, alhali ba mu da muryar Baffa a ko'ina sai wannan, ko a bidiyon biki babu. Na san wani zai ce in ɓoye kwafi ɗaya in ce masa na goge, to rantsar da ni zai yi, na san halinsa, kuma ɓoye-ɓoyen nan ne ya kawo ni inda nake.

Malaman da ke cikin gidan nan, don Allah ku faɗa mini tsakani da Allah, abin nan yana isa ga Baffa ko a kaina ya tsaya? Masu wannan sana'ar, akwai wata hanya da ban gani ba, ko in haƙura da wannan damar in jira wata? Ku kuma da kuka rasa iyayenku ku nake so ku fi ba ni amsa, kada ku duba ni, ku duba kanku. In a ce duk duniya wuri ɗaya ne ya rage da za ku ji mahaifinku yana dariya, kuma a wurin ashar yake yi, za ku goge? Ni dai yau sau uku ina zaɓar fayilolin gaba ɗaya, kwamfutar tana tambayata ko na tabbata, ina cewa a'a.